Ƙwayar Hana Tsufa da Ƙafar Baba Maina

Kafin in lalace, ɗan dako ne ni a tashar Nguru. Boko kuwa aji biyu na yi, malamin ya ce kaina ba ya ɗauka, ni ma ban yi masa musu ba. Abu ɗaya na samu ban roƙa ba, furfura. Tun ina ɗan shekara talatin kaina ya yi fari fat, ga ƙarfi kamar na jaki.

Kun san tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, da abin da mutum ya gani ake ƙiyasta shekarunsa. Wata rana cikin wasa na ce wa wani baƙo da idona na ga ranar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Nguru, tun zamanin Turawan mulki. Sai ya durƙusa ya ce, "Baba, me kake sha haka?" Daga wannan tambayar na bar dako.

Na sayo kwanson kafso na ɗura garin kuka, na ce maganin hana tsufa ne. Ranar kasuwa in ba da labarin jirgi, in saɓa buhun gero a kafaɗa, in ce har Turawa sun yi bincike a kansa. Wane Bature? Da masu saye suka fara ƙorafin ba su ga canji ba, sai na riƙa daka ƙwayar nan ta sa ƙiba, sha-ka-fashe, ina haɗawa. Ita kam ana gani: kumatu su ciko, fatar da ta yamushe ta miƙe, ciwon gwiwa ya lafa.

A Gashua na samu Baba Maina, manomin shinkafa mai ciwon suga. Ni na ce masa magani biyu ba sa zama a ciki ɗaya, ya ajiye na asibiti. Da fuskarsa ta yi suntum, sai na riƙa tsayar da shi kan benci ina cewa jama'a su dubi ango.

'Yarsa Fanna, mai karatun jinya, ta tare ni a gaban mutane.

"Malam, mutum nawa aka gwada wa maganin nan? An kwatanta su da waɗanda ba su sha ba? Wa ya auna abin da ke ciki?"

Na ce, "'Yata, ga ubanki nan tsaye. Ko shi ma ƙarya ne?"

Kasuwa ta kwashe da dariya, uban da kansa ya kori Fanna. A ranar na ga gyambo a yatsan ƙafarsa, ƙuda na bi. Na ce masa tsohon jini ne ke fita, ya ƙara ƙwaya ɗaya da safe.

Daga gwiwa aka yanke ƙafar. Fanna ta kai kafson aka auna, aka kama ni. A gidan yari na yi tsufan gaskiya, haƙorana suka zube, ba wanda ya tambaye ni me nake sha.

Da aka sake ni na tuba, na je Gashua neman gafara. Na tarar da Baba Maina kan tabarma, gonar ta koma hannun wasu. Fanna ta ajiye mini ruwa ba ta amsa gaisuwata ba. Da ta shige ciki, sai tsohon ya jawo rigata ya yi ƙasa da murya.

"Malam, akwai saura? Tun da suka kama ka jikina bai sake yin daɗi ba."

Na rantse masa ƙarya ce duka. Ya ce tsoron yarinyar nake yi.

Samari, kada ku ci abinci da tsoron da mutane ke yi wa tsufa. In kuma an nuna muku mutum ɗaya a kan benci an ce shi ne hujja, ku tambayi ina sauran da suka sha. Ni an hukunta ni na fito. Ƙaryar da na sa wa Baba Maina kuwa, da bakina na je cirewa, ta ƙi fita.