Na Ji Ƙarar Motar, Na Kama Bakina

Assalamu alaikum masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni mace ce daga Gure. Ba zan faɗi sunana ba, wanda ya san mu zai gane ko ban faɗa ba. Karatuna bai yi nisa ba, shekara huɗu na yi a lakwal aka fidda ni, saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi mini uzuri. Lokacin da abin nan ya faru ina da 'ya'ya uku, ina zaune lafiya da maigidana, ma'aikacin sarwis ɗin dabbobi, mai yawo ruga-ruga da kasuwa-kasuwa yana yi wa shanu allura. Ni kuwa ba mai fita ba ce, sai in yi wata ban taka bakin gudro ba, wato titin kwalta. Amma gidana ba ya rabuwa da mutane, don Allah ya yi ni da son hira, har maigida yana ce mini rediyon da ba ta cin pil, wato batir. Abu na biyu da Allah ya ba ni shi ne kunne. Ina daga madafa nake gane mai sallama tun daga jan takalminsa, kuma in tukunya ta fara tsagewa, daga yadda take amsa ludayi nake sani.

Kunnen nan shi ya fara ja mini magana. Ina amarya, wata rana na ji iccen rumfar uwar mijina, wadda muke ce wa Inna, yana wani irin kuka, sai na ce mata rumfar nan za ta faɗi. Kwana biyu ta rufta, ta kashe mata tunkiya. Bayan nan jaririn maƙwabta ya kama tari, na ji tarin ba na mura ba ne, na ce a kai shi gidan likita tun da wuri don irin wannan ba ya barin yaro. Ba a kai shi ba sai da ya galabaita, kuma ya koma. Daga nan unguwa ta ɗauka cewa ina da mugun baki. In na shiga gidan haihuwa sai in ga an ja zane an rufe jariri. Inna ta kira ni ɗakinta, ta zaunar da ni, ba da faɗa ba, ta ce 'yar nan, ita ta san zuciyata fara ce, amma baki shi ke yanka wuya. Ta ce duk abin da na ji in haɗiye, musamman a kan mai ciki da jariri da matafiyi, don waɗannan ba a yi musu mugun fata. Na yi kuka, na yi mata alkawari, kuma na riƙe shi shekara da shekaru.

Maigidana mutum ne mai sanyin hali, abu guda ne ke tashin kansa, mota mai gudu. Ya daɗe yana tarin kuɗi har ya sayo wata a Damagaram, baƙa, mai faɗi, cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare. In ta hau gudro, sai dai ka ji wucewarta. Da ita yake zuwa aiki kullum, da ita yake zuwa Gidigir. Sai dai kun san Gure, rairayi ne har cikin ɗaki. Motar nan ba ta iya shigowa lungunmu, da ta sauka daga gudro sai cikinta ya zauna a yashi, tayoyi suna juyawa a banza. Sau nawa mazan unguwa suka tattara riguna suna turawa. Ƙarshe ya koma ajiye ta can wajen mai shayi, ya tako gida da ƙafa. Shi abin bai dame shi ba. Ni ce ya dama. Matan da ke zuwa hira suka sa mata suna amarya, wai ba ta taka ƙasa. Wata maƙwabciyata, mai baki kamar reza, ta ce ita dai amalanken jakin mijinta har ƙofar ɗaki yake kawo mata gero, kuma ba a taɓa tara jama'a don a tura shi ba. Muka yi dariya duka, amma maganar ta zauna mini a wuya.

Na fara yi masa mita. In na kawo abinci sai in ce mota a waje mai mota a gida, wannan wane irin aure ne. Sai ya yi dariya ya ce rediyo ta kama tasha. Ana nan ƙanwata da ke aure a Kelle ta haihu, ɗan fari, bayan shekara shida ana jira. Hanyar Kelle kuwa yashi ne. Na ce masa wallahi ba zan hau bashen kasuwa, motar nan mai buɗaɗɗen baya, in zauna kan buhu ba alhali mijina yana da mota, ni da ba na fita, sau ɗaya dai a fita da ni cikin mutunci. Ya ga na nace, ya je wurin tsohon makanisiyen da ya saba yi masa gyara, ya ce yana so a ɗaga ƙafafun motar. Da ya dawo ya ba ni labari, wai tsohon ya zagaya ta sau biyu ya ce an yi ta ƙasa-ƙasa ne saboda gudunta, kuma akuya ba ta zama raƙumi don an ƙara mata tsawon ƙafa. Wai tsohon ya ce in dole ne, a aika a kawo kayan da aka yi dominta, a ɗaga ta kamar yatsa uku, amma sai an jira wata guda. Na ce wata guda? Suna saura kwana biyar, ko za a ce wa jaririn ya dakata sai kaya sun iso? Na ce tsofaffin nan komai tsoro, ai ba shi kaɗai ne mai garaj a garin nan ba.

Aka samu wani da ya ce kwana biyu sun ishe shi. Ya ciro ƙarafan nan masu murɗi da suke ce wa rasor daga wata matacciyar katkat, irin motar dajin nan mai tsawo, ya yanka wasu ƙarafa ya yi musu matashi, ya ɗaure. Ranar da motar ta dawo, ta shigo lungunmu da kanta, ta tsaya a ƙofar gida tana huci, ta yi tsawo kamar an ɗora ta kan turmi. Na fito na yi guɗa. Na aika a kira maƙwabciyar nan, na ce ta zo ta ga amarya ta koyi tafiya. Muka je Kelle ni da shi da yara da Inna, sau ɗaya kawai aka tura mu. Dangi suka fito kallo, ƙanwata ta rungume ni ta ce yaya yau kin fidda ni kunya. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba cewa shawarata ce.

A hanyar dawowa na ji ta. Wata 'yar ƙara ce daga gaba, hannun dama, ƙas, kamar an karya tsinke, kuma sai ya karya kan motar take yi. Na dubi maigida, yana ta hira da Inna. Na dubi Inna, tana jan carbi. Na ce a raina sabon gyara ne, zai zauna. Bai zauna ba. Kullum da safe in zai fita, sai ya juya a bakin lungu, ina tsakar gida ina jin ta. Da yamma in ya dawo, haka. Sati na farko ƙas ɗaya take yi. Sati na biyu ta zama biyu, ƙas-ƙas. Daga baya ta ƙara da wani gurnani a ƙarshe, irin na ƙarfe yana cin ƙarfe. Na san wannan kukan, kukan abin da ya kusa rabuwa ne. Amma yaya zan ce? In na faɗa, na yi wa matafiyi mugun fata, kuma in wani abu ya faru a ce bakina ne. Ga shi ni na kawo shawarar, ni na yi guɗa, ni na tara mata. Sai na riƙa zagaye-zagaye. Na ce masa ko zai kai ta a duba mai, ya ce jiya aka duba. Na ce ya rage gudu saboda raƙuma, ya ce to, hajiyar jandarma. Na dafa shinkafa na yi sadaka har sau uku. Komai na yi, ban da in buɗe baki in ce ƙafar dama ta gaba tana kuka.

Ran da abin zai faru, zai je Gidigir allurar shanu. Ya karya kumallo, ya ɗauki akwatin magani, na raka shi zaure. Inna tana zaune a nan kan tabarma. Wallahi maganar ta zo mini har kan harshe, na ce masa Malam, ya juyo ya ce na'am. Inna ma ta ɗago kai tana kallona. Sai na ji bakina ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce amin, Inna ta ce amin, ta ƙara da Allah ya yi mini albarka. Ya juya a bakin lungu, na ji ƙarar, ta fi ta kullum.

Kafin azahar aka aiko. Wani makiyayi da ya ga abin da idonsa ya ce motar tana cikin gudu, maigida ya kauce wa rami, sai ƙafar gaba ta fita ta yi daji ita kaɗai, motar ta yi ta juyawa har ya daina ƙirga. Aka kawo shi gidan likita na nan, suka ce ya fi ƙarfinsu, aka wuce da shi Damagaram. Wata biyu muka yi can, ni da ban taɓa kwana uku a wani gari ba. Lokotoro ya ce ƙashin baya ne, daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai ikon Allah. Da muka dawo, tsohon makanisiyen nan ya zo gaisuwa. Bai yi mana gorin cewa ai ya faɗa ba. Ina bayan labule na ji yana gaya wa maza cewa ya je ya duba ragowar motar, wani ƙarfe ne da ke riƙe ƙafa ya yi ta ci saboda an ja shi fiye da tsawonsa, har ya tsinke, kuma irin wannan ba ya tsinkewa sai ya daɗe yana ba da sanarwa. Wani ya tambaye shi wace ƙafa. Kafin ya amsa na riga na faɗa a zuciyata.

Shekara huɗu ke nan. Mun yi na likita, mun yi na malamai, an kai shi wurin mai ɗori har sau biyu, an sha rubutu, an yi turare. Ƙafafun sun bushe kamar kara. Ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Inna ta rasu bara, kuma har ta koma ga Allah tana yabona a gaban mutane, tana cewa ba ta taɓa ganin mai haƙuri irina ba, ga shi na iya riƙe baki. Duk ran da ta faɗi haka sai in shiga madafa in hura wuta don a ce hayaƙi ne.

Bayan rasuwarta na kasa ci gaba da ɗauka. Wata rana da hantsi ina shafa masa mai a baya, na gaya masa komai, tun daga hanyar Kelle har zuwa zaure. Na ce ya yafe mini ko kada ya yafe, amma ya sani. Na ci gaba da shafa masa man. Can ya ce shi ma ya sani. Ya ce tun a Kelle ya ji sitiyari yana fizgar hannunsa zuwa dama, kuma kullum yana ƙaruwa. Sau biyu ya kama hanyar garajin tsohon ya juyo, don kunyar a ce ya ƙi jin magana. Kuma ya ga yadda nake murna, ya ga yadda na ɗaga kai cikin mata, bai so ya sauke motar a ce shawarar matarsa ta zama abin dariya. Ya ce yana jira ne damina ta wuce, maganar ta lafa, ya mayar da ita yadda take ba tare da kowa ya lura ba. Sa'an nan ya ce kada in ƙara tayar da zancen, ya roƙe ni in juya shi ya fuskanci bango. Na juya shi. Na zaci faɗar za ta sauke mini nauyi, ashe ƙara shi za ta yi. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, a shimfiɗa ɗaya, kowa ya san abu ɗaya, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, har asirin ya cinye mu.

Ban rubuto don a ba ni magani ba, na daina sa rai, shi ma ya daina. Na san abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, amma Allah bai hana mu magana ba, mu muka hana kanmu. Ku maza masu mota, in wanda ya san aiki ya ce a jira, ku jira, ba a gaggawa da abin da ke ɗauke da rai, kuma komawa wurin wanda ya gargaɗe ka ba faɗuwa ba ce. Ku 'yan'uwana mata, kada gorin maƙwabta ya sa ku tura mazanku inda ba za ku iya dawo da su ba. Ku kuma iyaye, ku bambanta mugun fata da gargaɗi, don wanda ya ce ga rami ba shi ya haƙa shi ba. Wanda duk ya ji abin da bai kwanta masa ba, ya faɗa, ko a bakin ƙofa ne, ko a gaban wa. Da na buɗe baki a zauren nan, iyaka a zage ni. Zagi kuwa, da tuni ya warke.