Zuwa Azagor da riga mai lamba bakwai

Ƙanena Sani ne ya ja mini wannan tafiya. Direban taksi ne a Amirka, ya aiko mini bidiyon wani wasa da suke kira besbol, ana dukan ƙwallo da kulki. Na duba, kowane ɗan wasa lamba arba'in da biyu ce a bayansa. Ya ce rana guda a shekara haka suke yi, don girmama baƙin mutum na farko da ya shiga babbar gasarsu ya sha zagi bai fita ba. Sai na tuna da Bappa Joɗi, ɗan makiyaya na farko da ya buga wa ƙungiyar balo, wato ƙwallon ƙafa, ta Dakoro, wadda nake horarwa yanzu. Rabin ƴan wasana ƴaƴan makiyaya ne, amma tsohon bai taɓa jin na gode daga bakinmu ba. Muka tsayar da ranar karrama shi a fili, muka sa aka buga riguna, duka da lambarsa, bakwai. Saura a ɗauko shi.

Dakoro zuwa Azagor

Ana sallame Asuba na hau bayan mota ƙirar Hilis a tasha, tsakanin buhunan hatsi da wata akuya da ta ƙi jinina. A shingen jandarma aka buɗe jakata. Na ɗauko riguna uku don in nuna wa Bappa, jandarman ya juya su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, an cuce ka. Duk lamba ɗaya ce."

Na ce da gangan ne. Ya dube ni da tausayi, ya ce mu wuce.

Hanyar rairayi ce zalla. Sau biyu muka kafe, direba Ila yana ihu, "Maza su sauko, har da mai riguna!" Muka tura har numfashina ya kusa ɗaukewa. Sai bayan Azahar muka shiga Azagor, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa rugar su Bappa.

Rugar Bappa

Na same shi a inuwa yana tufka igiya, dogo, ya rame, amma ƙafafun nan suna nan. Matarsa Inna Hajjo ta kawo fura da nonon da ban sha irinsa ba tun ina yaro. Sai da na ƙoshi na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ba ni zuwa, ɗana," in ji shi. "A ɗora ni bisa kujera a nuna ni da yatsa? An nuna ni ya isa. Da na shiga fili, ƴan kallo kukan shanu suka riƙa yi mini. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai, kaftin ɗinmu Mati bai taɓa ba ni balo ba. Ko ni kaɗai ne gaban raga, gara ya harba waje."

Wallahi kunya ta kama ni, don Alhaji Mati shi ne shugaban ƙungiyarmu yau. Na zaro rigunan na shimfiɗa a tabarma, na ba shi labarin ƴan besbol. Na ce babu wanda za a ware, kowa bakwai ne ranar.

Ya daɗe yana shafa lambar. Inna Hajjo ce ta yanke magana: "Tashi ka je, tsoho. Kullum rediyo a kunne in ana wasan Dakoro, ka ce wai labarai kake ji."

Nan na kwana, sauro ya yi biki da ni.

Komowa

Da safe Bappa ya shirya, muka samu motar ƴan kasuwar dabbobi. Ila ne kuma. Da ya ji ko wane ne, ya sauke yaronsa daga gaba ya zaunar da Bappa. Duk hanya ina addu'a kada tsohon ya ce a juya.

Da La'asar muka isa fili. Ƴan wasa sun jeru sun ba mu baya, bakwai, bakwai, bakwai har ƙarshen layi. A tsakiyarsu ga wani mai furfura, riga ta ɗame masa tumbi kamar ta tsage. Alhaji Mati ne, ban ma san ya karɓi riga ba. Ya juyo, ya ajiye balo a ƙasa, ya turo ta da gefen ƙafa. Ta gangaro a hankali har gaban Bappa.

Bappa ya taka ta da takalminsa na roba, ya dubi Mati.

"Ka makara, Mati."

"Na sani, Joɗi. Ka yafe mini."

Bappa ya tattare rigarsa, ya mayar masa da balon daidai ƙafa. Ni dai kuka na yi, gaban ƴan wasana, ban damu ba.

Na shiga gida bayan Magariba da baƙona, ƙafa duk rairayi. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga Ila direba, da Inna Hajjo wadda ta yi mini rabin aikin.