Mariƙin fatar Abarshi mai zane

Abarshi mai zanen bango ne a nan Birnin Gwari, tun shekarun da Turawa ke haƙar zinariya a dajin nan. Zaure yake yi wa ado da farar ƙasa da ja da baƙin makuba. Yana tsakiyar ƙarfinsa kuturta ta shige shi, ta cinye yatsun hannun damansa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, baduku ne, kuma abokinsa tun suna yara. Shi ya ɗinka masa mariƙi na fatar akuya, wanda ake zura dungulmin hannun a ciki a ɗaure da tsirkiya, da ɗan kube inda ake soka tsinken zane. Kullum da hantsi shi ke ɗaura masa, ya tauna masa bakin tsinken har ya yi laushi, in an zo layi siriri ya tallafe masa gwiwar hannu. Sukan yi ta faɗa a kan launi. Abarshi ya ce baduku bai san komai ba sai jan fata, shi kuwa ya ce ba don baduku ba da ƙafa za ka yi zanen. Da yamma mariƙin gidanmu yake dawowa, a shafe shi da man kaɗanya a rataye. Ni ban taɓa kama shi da hannuna ba, don ƙyamar ciwon.

Suna rabin zauren wani falke a garin Kusasu zazzaɓi ya ɗauke maigidana cikin kwana huɗu. Washegarin jana'iza ina shara na ga abin a rataye. Na sa kara na zaro shi na jefa a murhu. Ba wanda ya gan ni sai Allah.

Bayan addu'ar bakwai Abarshi ya yi sallama, ya tsaya bayan zana saboda ina takaba. Ya yi ta'aziyya ya daɗe, sannan ya ce:

"Uwargida, ko mariƙin nan yana kusa? Falke ya ce in ban gama kafin damina ba zai sa a shafe bangon."

Na ce ban gan shi ba. Ya ce ba komai. Na ji sandarsa tana tafiya a hankali.

Na san in aka shafe bangon nan babu mai sake kiransa, sai zaman bakin kasuwa da ƙoƙo. Sallata ta daina yi mini daɗi. Ran nan na zazzage jakar maigidana, na ciro basilla da ragowar fata, na aika wa Saude matar Abarshi zare ta auno mini hannun. Na ce wa kaina ai bai halatta in ga hannun namijin da ba muharramina ba. Gaskiya ce, amma ba ita ta hana ni ba. Saude kuwa ta auna a kan tsumman da yake naɗe hannun da shi, abin da marigayi kan kwance kafin ya ɗaura. Da na nemi a kawo shi zaure na duba ko daga nesa, da na gane.

Mariƙin ya fito da yalwa, tsinke yana rawa a ciki. Da shi ya ƙarasa zauren, Saude na tallafe da gwiwar, kafin ruwan farko. Bai dawo da shi a gyara ba. Goro biyar ya aiko mini, da saƙon cewa ɗinkin ya yi kyau.

Ya yi shekara shida yana aiki da shi kafin ya rasu. Zauren yana nan a Kusasu. Ɓangaren gabas layukan a miƙe suke, na yamma kuwa suna karkarwa, mutane suna nunawa suna cewa ga inda ciwo ya fara cin ƙarfin Abarshi. Sau biyu ana faɗar haka a gabana na yi shiru. Ba ciwo ba ne. Ɗinkina ne, kuma ni na ƙona na farkon.