Mai Gyaran Wuta Ya Ƙi Zama

Shekara arba'in da ɗaya Baba mai gyaran wuta ya yi yana hawa tsani, ko zamewa bai taɓa yi ba. Sai da ya ajiye aiki, wata safiya ya taka ruwan sabulu a banɗaki, ji kake tim! Ƙashi bai karye ba, amma ƙugu ya yi baƙi ƙirin.

Babbar 'yarsa, malamar makaranta, ita ta kafa doka. Ta sayo kujera mai laushi ta girke gaban talabijin, ta naɗe dardumar falo, ta ɓoye akwatin kayan aikinsa.

"Baba, don Allah ka zauna. Me kake so a kawo maka?"

"Hanyar waje," in ji shi.

Ya zauna ɗin, in dai wannan sunansa zama. Ya kaɗa gwiwa, ya ƙwanƙwasa hannun kujera, ya canza tasha sau ashirin kafin shayi ya huce. Da ya motsa, matarsa ta leƙo daga kicin: "Ina kuma za ka?" Abinci ya daina yi masa daɗi. Har da agogon bango sai da ya yi faɗa.

Ana cikin wata na uku, ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ya koma daɓas. Sai da ya dafa da hannu biyu, yana nishi, sannan ya miƙe. Ranar ya fi jin tsoro a kan ranar da ya faɗi.

A asibiti, likitar motsa gaɓoɓi ta ce ya rungume hannu a ƙirji ya tashi daga kujera. Sau biyu ya iya, da ƙyar. Ta juya wajen 'yar.

"Malama, zaman nan ne zai kayar da shi. Ƙafar da ba a mora, ƙarfinta zubewa yake yi."

Idon 'yar ya ciko.

Aka ba shi aiki: tashi da zama sau goma, tsayuwa da ƙafa ɗaya yana riƙe da kantar kicin, sai tafiya a baranda, diddige na taɓa yatsa. Baba da gaggawa, aka ce goma ya yi talatin. Kwana biyu cinya na masa tsami, yana kwance yana tsaki.

"Tsoho ya koma koyon tatata, kuma yana son gudu," in ji matarsa. Daga nan ita ta karɓi ƙirga. In ya kai goma ta janye kujerar.

Sannu a hankali baranda ta yi masa kaɗan. Ya fara zuwa bakin layi, daga baya har shagon aski. Wata rana bututun ruwa da ya fito a gefen titi ya harɗe shi. Ya tafi luu, sai ƙafar hagu ta yi wuf ta tare. Ya tsaya cak, yana kallon ƙafar kamar ta wani.

"Lafiya, Baba?" mai askin ya tambaya daga ƙofa.

"Ƙalau. Ku sa a binne abin nan."

Bai gaya wa kowa a gida ba. Yanzu damuwar iyalinsa ita ce sanin inda yake. 'Yar takan kira shi a waya da hantsi, ta ji ƙarar motoci.

"Baba, kana ina?"

"Ina hanya."

"Hanyar ina?"

"In na isa zan gaya miki."