Ramuka Arba'in da Bakwai na Malam Jatau

Duk wanda ya taɓa shiga wani ɗan ofishin safiyo da ke Gusau ya san Malam Jatau, mutumin Tsafe, mai fensir a bayan kunne. Shekara talatin da biyar ya yi yana zanen taswira, bai yi mota ba, ko babur bai yi ba, kullum shi da kekensa daga Tudun Wada. Abokan aiki kan yi masa tsiya wai ya fi sanin cikin ƙasa da samanta, shi kuwa bai taɓa musu ba.

A bayan teburinsa akwai akwatin ƙarfe cike da taswirorin ramukan da Turawa suka haƙa suna neman zinariya a dazukan Bungudu da Tsafe, suka watse suka bar su tun kafin 'yancin kai. Taswirorin sun nuna bakin kowane rami, amma ba su nuna duk inda haƙar ta bi ta ƙarƙashi ba. In damina ta yi nisa sai ƙasa ta rufta da saniya ko jaki, wani lokaci har da mai shi. Da labari ya zo kunnen Jatau, sai ya hau motar kasuwa ya je ya auna wurin, ya dawo ya ɗiga alama a taswira. Da fensir kawai yake yi, don tsohon da ya koya masa aiki ya ja masa kunne cewa ba a taɓa taswirar gwamnati da tawada. Alama arba'in da bakwai ya yi, yana riƙe da adadinsu a ka. Masu unguwanni kan aiko a tambaye shi kafin su ba da sabuwar gona.

A 1998 aka kawo kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takarda, tare da wata ma'aikaciya, Lidiya, 'yar Zonkwa. Aka ce a zuba taswirorin duka a ciki, a kwashe tsofaffin a kai wani sito mai nisa. Jatau kuwa saura masa mako uku ya yi ritaya. Ya yi murna ƙwarai, don ya gaji da faɗa da gara.

Ranar da Lidiya ta buga masa taswirar farko, takarda ta fito fes. Ya gyara tabarau, ya duba sama ya duba ƙasa. Babu alamarsa ko ɗaya.

"Ɗiyata," ya ce, "wagga takarda ta yi kyau, amma tana iya kashe mutum. Ina ramukan da nis sa?"

"Baba, fensirin ya koɗe, na'urar ba ta ganinsa. Sai dai ka bi su da tawada."

Shugaban ofis ya ce shi ba ruwansa, a yi. Jatau ne da kansa ya tirje. Kwana biyu yana kumbura, yana kewaya akwatin kamar kaza mai neman wurin ƙwai. A na uku ya zo da kwalbar tawada, ya yi bisimilla, ya karya dokar da ya riƙe tun yana saurayi. Lidiya na ɗaga takarda a hasken taga, shi yana bi ɗaya bayan ɗaya.

Arba'in da biyu suka samu. Biyar sun goge a wuraren ninki. Ya zauna ya rufe ido, ya tuno huɗu: inda saniyar wani Bafillace ta faɗa, inda rijiya ta burma, da wasu biyu a gefen rafi. Ta biyar ta ƙi zuwa. Lidiya ta tausaya masa, ta ce ko dama arba'in da shida ne? Ya ce a'a, da hannunsa ya sa ta, kuma ya tuna an yi jana'iza, garin ne kawai ya ɓace masa. Wannan ya yi masa ciwo fiye da barin aikin.

Mota ta zo ta kwashe akwatin, shi ma ya kwashe nasa ya koma Tsafe. Maimakon ya huta, sai ya shiga bin kasuwanni, yau Bungudu, gobe Magami, yana tsugunawa gaban tsofaffi yana tambayar inda ƙasa ta taɓa rufta da mutum. Wasu suka ɗauka zinariya yake nema, suka riƙa ɓoye masa.

Lidiya ta bar masa layi ɗaya babu rubutu a jerin ramukan da ke cikin kwamfuta. Duk ƙarshen wata yakan leƙo ofis, ta ɗago kai, ya girgiza nasa. Zuwansa na watan Yuni ya tarar da hadari ya haɗo ta gabas. Bai zauna ba, ya tsaya bakin ƙofa yana kallonsa.

"An hwara shuka," ya ce. "Wani na can bisa ramin ga, bai sani ba."