Gangarar Ƙofar Gwaggo

Gwaggona malamar lissafi ce, da alli a hannu ta tsufa. Karatunta kullum ɗaya ne: ɗigo biyu sun isa a ja layi, ka raba tashinsa da nisansa ka san gangararsa.

Da mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ta sa magini ya yi gangara a ƙofar gida saboda keken guragu. Ranar da za a sallamo shi daga asibiti ta fito duba aiki, sai na ga fuskarta ta canza. Maginin ya saba yi wa masu babur, ya yi ta gajeruwa, a tsaye kamar tsani.

Ta ɗauko tef ɗin ɗinki, ta sa ɗigo a dokin ƙofa, wani a ƙasa. Ta auna.

"Malam, tashi ɗaya, nisa uku ka yi. Ɗaya da goma sha biyu nake so."

"Haba Hajiya, gidaje nawa na yi wa haka? Ba wanda ya taɓa kuka."

"Babur ai ba ya kuka."

Wayarta ta yi ƙara: sun taso daga asibiti. Ta turo keken har bakin gangarar, ta riƙe shi da yatsa biyu.

"Zauna. Zan sake ka."

Maginin ya dubi keken, ya leƙa kwatar da ke jira a ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauki guduma.