Bakan Gizon Inna Hure

Inna Hure ta zo aikin Hajji daga Maraɗi tun kafin a haife ni, ba ta koma ba. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. A layinmu na Tandabawi, a nan Makka, kowa ya sani, ba mai faɗa. Ɗakinta yana ƙarƙashin namu, sana'arta kuwa cakulan, irin wanda ake jerawa a tire idan mace ta haihu.

A gidan wata 'yar Sham da ta yi wa aikatau ta koya. Takan narkar da shi a kwano bisa tururi, ta juye yawancinsa kan marmara, tana shimfiɗawa tana tattarawa har ya huce, sannan ta mayar cikin sauran ta gauraya. Ko ɗigon ruwa ba ta bari ya taɓa shi. Sai ta dangwala a leɓenta. In ta ji sanyi-sanyi, ya yi.

Bara ƙanwata Raghad ta kawo mata wata leda mai tauri, mai zane sirara da ido ba ya gani. Inna ta zuba cakulan a kai. Da ya daskare ta ɓare ledar, sai ga kore da ja da shuɗi suna yawo a jikinsa, ba rini ko kaɗan. Raghad ta ɗauki bidiyo ta watsa.

"Ke, fuskata ba ta fito ba dai?"

"Hannu kawai, ya khala," in ji Raghad, haka take kiranta da Larabci. "Wa zai gane hannu?"

Tagar ɗakinta ce ta fito, da allon shagon da ke tsallaken layi.

Ba a jima ba wata farar mota ta fara tsayawa a ƙofar shagon. Direban yana tambayar gidan mai bakan gizo. Uwargijiyarsa tana da kantin cakulan a Aziziyya, tana son ta ɗauki Inna aiki. A fara aiko da tire ɗaya, in ya yi, ta zo da iƙamarta. Mai shagon ya ce zai isar. Direban ya dawo, ya sake dawowa, yana ɗaga kai yana duba tagogi. Inna ta daina fita, ko Harami.

Ina tsaye ran da ta haɗa tiren. Ta narkar, ba ta kusanci marmara ba. Da zafinsa ta zuba kan ledar, ta kashe mukayyif mai sanyaya ɗakin, ta buɗe taga zafin azahar ya shigo. Ya fito dushi-dushi, da fari-fari, yana manne wa yatsa. Ta jera shi tsaf, ta ɗaura kintinkiri.

"Za su ce ƙarya muka yi," in ji Raghad, idonta ya kawo ruwa.

"To su ce mana. Kai wa mai shago."

Motar ba ta dawo ba. Raghad ta goge bidiyon, amma wasu sun riga sun kwafe. Jiya mai shagon ya tare ni a hanya, ya rage murya. Wasu maza biyu sun nuna masa bidiyon a waya suna tambayar gidan, kuma ba su tambayi farashi ba.